Kajinmu da Hunturu: Me Ya Kamata Mu Yi Tun Yanzu?

Da wuya a samu gida a Dandume wanda babu kaji a cikinsa. Yawancinsu na iyayenmu mata ne, wasu kuma namu ne mu ɗalibai. Kaza ɗaya idan an sayar takan sayi littattafan rubutu, wani lokaci har ta cika kuɗin jarrabawa. Amma kowace shekara, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, sai mu ji ana cewa kaji sun ƙare a unguwa kaza. Asarar nan ana iya rage ta, muddin an fara shiri kafin iska ta taso.

Mu fara da akurki. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, ɗauke da ƙura da sanyi. Don haka kada ƙofar akurki ta fuskanci wannan ɓangare. Mu kare shi da zana ko karan dawa ko tsohon buhu, tunda yanzu aka gama girbi, kara bai yi wuya ba. Sai dai kada mu toshe ko'ina. A bar ƙafa daga sama don iska ta riƙa fita, domin warin kashin kaji idan ya taru yana lalata musu numfashi. A ƙasa kuma a shimfiɗa ɓuntun shinkafa busasshe, a riƙa sauya shi idan ya jiƙe.

'Yan tsaki su ne sanyi ya fi kashewa, saboda gashinsu bai fito ba. A makon farko suna buƙatar ɗumi kusan digiri 32 zuwa 35, wanda uwarsu ke ba su a ƙarƙashin fukafukanta. Kada mu sake su da sassafe, mu jira rana ta fito. Masu sa kaskon gawayi a akurki kuma su yi hattara: hayaƙinsa yana kisa a rufaffen wuri, kara da zana kuwa ba su da wuyar kama wuta a wannan lokaci.

Bayan girbi ciyawa ta bushe, ƙwari sun ragu, abin da kaza ke tsinta a tsakar gida ba ya isar ta. Mu ƙara mata dusa da tsakin masara safe da yamma, mu ajiye mata ruwa mai tsabta kullum.

Babbar matsalar ita ce cutar fakat. Mutane da yawa suna ɗauka sanyi ne, alhali ƙwayar cuta ce da ke yaɗuwa daga kaza zuwa kaza, ta fi tsanani da hunturu. Alamominta su ne koren zawo, numfashi da ƙyar, saukar fukafukai da karkacewar wuya. Ba ta da magani idan ta kama, kafso da barkonon da ake zuba wa kaji a ruwa ba sa kashe ta. Rigakafi kaɗai ke tare ta. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a Jihar Filato tana haɗa shi. Akwai wanda ake ɗigawa a ido, akwai na ruwan sha, kuma ana maimaitawa duk bayan wata 3 zuwa 4. Yakan ɗauki kamar mako 2 kafin ya fara aiki, kuma kaza mai lafiya ake yi wa. Kwalba ɗaya ta fi ƙarfin kajin gida ɗaya, saboda haka maƙwabta su haɗa kuɗi su nemi malamin dabbobi.

Kazar da aka sayo a kasuwa a ware ta mako 2 kafin a haɗa ta da na gida. Wadda ta mutu a binne ta da zurfi, kada a jefar a bola, sannan a wanke hannu da sabulu.

Idan mun koma gida yau, kowa ya leƙa akurkinsu ya ga ina ƙofarsa ta fuskanta, sannan ya karanta wa Inna abin da ya gani a allon nan. Allah Ya tsare mana dukiyarmu.

Ƙungiyar 'Yan Jarida ta Makaranta