Darasin Lafiya: Kuskuren da Aka Faɗa Shi Ake Gyarawa

Darasinmu na wannan fitowa ya shafi wani abu da mutane ba su cika son faɗi ba, wato kuskure a wurin aiki, musamman a gidan likita. Za mu ga abin da wata malamar jami'a ta gano a Amurka, sannan mu duba amfanin da za mu ɗauka daga ciki.

1. Girman matsalar

Ɗan Adam tara yake, bai cika goma ba. Likita ma mutum ne, yana gajiya, yana mantuwa. Amma kuskurensa ba irin na tela ba ne. In tela ya ɓata riga, sai a warware a sake ɗinki. In an ba jariri maganin babba kuwa, rai ne a ciki.

A shekarar 1999, wata babbar cibiyar masana lafiya ta Amurka ta fitar da rahoto. Ta ƙiyasta cewa mutum dubu 44 zuwa dubu 98 ke mutuwa kowace shekara a asibitocin ƙasar saboda kuskure. Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda muke kira OMS, ta ce wajen mutum 1 cikin marasa lafiya 10 yakan cutu a wurin neman magani, kuma fiye da rabin wannan cuta ana iya kauce mata. Ke nan matsalar ba ta matalauciyar ƙasa kaɗai ba ce.

2. Binciken Malama Amy Edmondson

Amy Edmondson malama ce a Jami'ar Harvard. Fanninta shi ne nazarin halin mutane a wurin aiki: yadda shugaba yake bi da na ƙasa da shi, da yadda abokan aiki suke zama da juna. Tun tana ɗalibar neman digirin dakta ta shiga wani bincike kan kuskuren ba da magani, a sassa 8 na kwantar da marasa lafiya cikin manyan asibitoci 2. An buga sakamakon aikinta a 1996.

Ga yadda aka yi aikin. Wasu ma'aikatan jinya da aka horar sun yi wata 6 suna zagaya sassan nan, suna rubuta kurakuran da aka gano. Ita kuma ta raba wa ma'aikata takardun tambayoyi, don ta san sashen da ya fi kyakkyawan shugabanci da haɗin kai.

Zatonta shi ne sashen da ya fi haɗin kai zai fi ƙarancin kuskure. Kowa ma abin da zai zata ke nan. Da aka haɗa lissafi, sai ta ga akasin haka: sassan da suka fi iya aiki tare, su ne suka fi yawan kuskure a rubuce.

Abin ya ɗaure mata kai. Daga baya wata tambaya ta faɗo mata: shin waɗannan sun fi yin kuskure ne, ko kuwa sun fi faɗinsa? Sai ta aika wani mataimaki, wanda ba a nuna masa sakamakon lissafin ba, ya je ya zauna a sassan, ya duba, ya saurara. Ya tarar da bambanci babba. A wasu sassan, ma'aikaciya takan faɗi kuskurenta a fili, a zauna a nemi dalilinsa. A wasu kuwa, shugaba mai tsawa ne, wanda ya yi kuskure sai ya sha faɗa da wulaƙanci. Can kowa ya koyi kama bakinsa.

Ashe littafin da babu kuskure a cikinsa ba shaida ba ne cewa ba a yi kuskure ba. Wani lokaci shaidar tsoro ce.

3. Sakin jiki a wurin aiki

A 1999 malamar ta buga wani binciken, wanda ta yi kan rukunin ma'aikata 51 a wata masana'anta. A nan ta bayyana abin da za mu kira da Hausa sakin jiki a wurin aiki. Ma'anarsa: kowa ya tabbata cewa in ya yi tambaya, ko ya ce bai gane ba, ko ya amsa kuskurensa, ba za a kunyata shi ba. Ta gano cewa rukunin da ke da wannan hali sun fi koyo, kuma aikinsu ya fi kyau.

Mu ɗauki misali. Mata 2 masu suna ɗaya suna kwance a ɗaki ɗaya. Wata sabuwar ma'aikaciya ta lura an ba wannan maganin waccan. In ta yi magana nan take, za a duba matar, a kare ta, a kuma sake tsarin rubuta suna don kada a maimaita. In tsoro ya rufe mata baki, matar za ta cutu, kuma ramin yana nan yana jiran wani.

A kula, sakin jiki ba sakaci ba ne. Wanda ya san doka ya take ta da gangan, dole ya amsa laifinsa. Amma yawancin kurakurai daga gajiya suke zuwa, da yawan aiki, da rubutun da ba ya karantuwa, da magunguna masu kama da juna. Hukunta mutum ɗaya ba ya gyara waɗannan. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tsagar ita ce abin toshewa.

OMS ta bi hanya mai kama da wannan. A 2008 ta fitar da takardar dubawa mai abubuwa 19 don ɗakin tiyata. Kafin a yanka, kowa zai faɗi sunansa da aikinsa, a tabbatar da sunan mara lafiya da wurin da za a yi aikin. An gwada ta a asibitoci 8, har da na Ifakara a Tanzaniya. Sakamakon da aka buga a 2009 ya nuna mace-mace sun ragu daga 15 zuwa 8 cikin kowane mutum 1000.

4. Mu fa?

Kunya da girmama na gaba tarbiyya ce mai kyau. Amma akwai inda shiru yake zama cuta. Yaro ya ga an zarce awo wajen dama maganin feshi, ya ƙi magana don kada a ce ya raina mahaifinsa. Uwa ba ta gane bayanin likita ba, ta ce "to", ta koma gida ta ba ɗanta magani da ka. Ana iya faɗin gaskiya cikin ladabi: "Malam, a gafarce ni, ban gane ba, a sake mini bayani."

Nauyi mafi girma yana kan shugaba, ko na gidan likita, ko na ƙungiyar manoma, ko maigida. Yadda ya karɓi labarin kuskure na farko, shi zai sa a kawo masa na biyu ko a ɓoye. Ya fara da godiya, ya tambayi yadda abin ya faru, kafin ya nemi wanda ya yi.

5. Abin da za mu kiyaye

- Mu faɗi cikakken sunanmu kafin a yi mana allura ko a ba mu magani.
- Mu tambayi sunan maganin, da yawan da za a sha, da lokutansa, da yawan kwanakin.
- Mu faɗa wa likita duk abin da muke sha, har da na gargajiya, da maganin da ya taɓa ba mu matsala. Mai ciki ta faɗi cewa tana da ciki.
- Mu karanta ranar lalacewar magani a jikin kwalinsa.
- In mun yi kuskure wajen ba yaro magani, mu garzaya gidan likita da kwalin, mu faɗi gaskiya.
- A gona, mu bi awon da malamin gona ya nuna, kada mu zuba ruwan sha ko abinci a galan ɗin maganin ƙwari.

Matambayi ba ya ɓata. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya.

Tambayoyi

Ku tattauna a aji, sannan kowa ya rubuta amsa a kayensa.

1. Mene ne Malama Edmondson ta zata, kuma me ta gano?
2. Me ya sa wasu ma'aikata suke ɓoye kuskure?
3. Mene ne bambancin kuskure da ganganci?
4. Waɗanne tambayoyi za ka yi kafin ka karɓi magani?