Annobar Amwas Da Hanyoyin Da Cuta Take Bi

A shekara ta 18 bayan Hijira, watau 639 Miladiyya, annoba ta ɓarke a Amwas, wani ƙauye a ƙasar Falasɗinu inda rundunar Musulmi ta yi sansani. Daga nan ta bi sawun mayaƙa da ayarori ta game ƙasar Sham. Malaman tarihi sun ce ta ci rayuka wajen 25,000, cikinsu har da Abu Ubaida ɗan Jarrahu da Mu'azu ɗan Jabal, Allah Ya yarda da su.

Sayyidina Umar yana kan hanyar Sham, ya iso Sarag, sai labari ya riske shi. Sahabbai suka rabu biyu, waɗansu suna cewa a ci gaba, waɗansu a juya. Sai Abdurrahman ɗan Aufu ya sanar da shi cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana shiga garin da annoba ta faɗa, ya kuma hana na ciki fita don gudunta. Umar ya koma Madina.

Hanin shiga ba ya bukatar dogon bayani. Hanin fita shi ne mai nauyi ga rai, kuma nan hikimar ta fi zurfi. Mai gudun annoba ba daji yake nufa ba, gidan ɗan'uwa ko suruki ko aboki yake sauka, alhali wataƙila cutar tana jikinsa ba ta bayyana ba tukuna. Ashe hanyar zumunci ita ce hanyar cuta. Imam Gazali ya ƙara da cewa in masu lafiya suka watse, ba sauran mai ba majinyaci ko da ruwa.

Da shugabanci ya komo hannun Amru ɗan Asi, sai ya kwatanta annobar da wuta wadda mutane ne itacenta, ya umurci jama'a su warwatsu cikin duwatsu. Ba a daɗe ba ta lafa. Wannan bai saɓa wa hanin ba, domin kuwa ba su kai ta wani gari ba, cunkoso kawai suka rage.

Sai a 1894 likita Yersin ya gano ƙwayar wannan cuta ta ɗa'uni a Hong Kong, daga baya aka tabbatar cewa ƙuma ce take ɗauko ta daga ɓera zuwa ɗan Adam, in kuwa ta kama huhu, tari ma ya isa ya yaɗa ta. Sansanin yaƙi kuwa ya tara duka: rumbun hatsi mai jawo ɓeraye, da maza dubbai masu kwana kafaɗa da kafaɗa.