Kafin a Ɗaura Muku Ruwa

'Ya'yana, ina lura da yadda kuke yi. Mutum ya tashi da kasala, ko ya gama jinyar zazzaɓi, sai ya wuce kemis ya ce a ɗaura masa ruwa, a zuba masa B-complex. Ana tsira allurar a ledar, ruwan ya koma launin ɗorawa, shi kuma hankalinsa ya kwanta, a ganinsa ƙarfi ne ke shiga jikinsa. 'Yan mata masu shirin aure kuma an koya musu na bitamin C, wai don fata ta yi haske.

Abin da aka haɗiya, a hankali ciki ke kai shi jini. Wanda aka zuba a jijiya kuwa ya shiga ke nan, babu mai dawo da shi. Akwai jikin da ba ya shiri da bitamin B1, wanda ke cikin B-complex ɗin nan. Haka ma bitamin K, har hukumar magunguna ta Amurka ta sa aka rubuta kakkausan gargaɗi a takardarsa kan yin sa ta jijiya. Ga mai irin wannan jikin, cikin 'yan mintuna sai ƙaiƙayi ya taso, borin jini ya feso, leɓe da harshe su kumbura, maƙogwaro ya shaƙe, jini ya sauka, mutum ya sulale. Kada wani ya ce ai an taɓa yi masa lafiya lau. Jiki kan karɓa yau, ya yi tawaye gobe.

In hakan ta faru a gabanku, a tsayar da ruwan nan take. A kwantar da shi, a ɗaga ƙafafunsa. In numfashi ya sarƙe, a jingine shi zaune. Kada a miƙar da shi tsaye, kada a ɗura masa madara ko manja. Abin da ke ceton rai, da yardar Allah, allurar adrenalin ce a gefen cinya, miligiram 0.5 ga babba, a maimaita bayan minti 5 in bai samu sauƙi ba. Piriton ba ya maye gurbinta. Daga nan sai asibiti ko da ya warware, domin abin kan dawo bayan wasu sa'o'i.

Don Allah, kafin ku miƙa hannu ku tambaya: "Malam, akwai adrenalin a nan?" Wannan ba rashin kunya ba ne. Lasisin mai kemis ma na sayar da magani ne, bai haɗa da allura ba. Akwai masu buƙatar bitamin ta jijiya da gaske, kamar mai cikin da amai ya hana ta riƙe ko da ruwa, amma wannan likita ke yanke shi, a gadon asibiti, ana tsaye a kanta.