Ɗan Kwangila da Mai Aiki: Yadda Za a Hana Rage Lada Bayan An Ƙulla Magana

Wannan darasi domin hakimai ne da malamansu na ƙasashen Talata Mafara da Bakura da Maradun. Ƙara guda ce ta yawaita a ƙofofinku, watau mutum ya karɓi aiki bisa farashi sananne, ya ɗauki leburori, aiki ya yi nisa, sa'an nan mai aiki ya aiko cewa ya rage farashi. Maganin wannan yana cikin takardar da za a rubuta tun ba a sa hannu ga aikin ba.

1. Yadda ɓarnar take

Ga misali. A ce wani ya karɓi kwangilar yashe hanyar ruwa mai tsawon mita 1,000, kowane mita naira 2,000, jimla naira 2,000,000. Ladan leburori da kayan aiki za su ci 1,700,000, ribarsa 300,000 ke nan. To, in aka mai da mita 1,500 bayan an fara, abin da zai karɓa 1,500,000 ne. Riba ta tafi, ga kuma bashin 200,000 a wuyansa. Shi kuwa ba zai ɗauki hasarar shi kaɗai ba, kan leburori za ta sauka, su kuwa talakawanku ne. Rigimar da aka haifa a ofis sai ta kwana a zauren hakimi.

2. Abin da Bakalori ta koya mana

Tsakanin 1974 da 1978 kamfanin Impresit, wanda asalinsa na Italiya ne, ya gina madatsar ruwa ta Bakalori a kan Gulbin Sakkwato. Manoman da aikin ya ci gonakinsu da gidajensu suka yi ta kukan diyya, har suka tsare hanyoyi suka tsai da aiki. A watan Afrilu na 1980 'yan sanda suka far musu, aka yi hasarar rayuka da yawa. Wannan maganar diyya ce, ba ta ladan kwangila ba, amma tushensu ɗaya. Duk inda gefe guda ya yanke abin da zai biya shi kaɗai, ɗaya gefen bai ga ƙididdigar ba, bai kuwa san ranar biya ba, to, an shuka fitina.

3. Sharuɗɗa biyar

Manyan kamfanoni ba su ɗaga ko cebur sai da takarda. Ƙaramin ɗan kwangila, da mai tifa, da mai tarakta, su ma suna da ikon neman waɗannan:

Na ɗaya, a rubuta farashi da ma'auninsa: nawa ne mita, nawa ne tifar yashi, nawa ne eka. A faɗi wanda zai auna, a kuma yi awon a gaban su biyun.

Na biyu, ba a sake farashi sai da yardar su biyun a rubuce. Aikin da aka riga aka yi kuwa, tsohon farashi ne nasa.

Na uku, in mai aiki yana son ragi a kan abin da ya saura, ya ba da sanarwa da wa'adi, misali kwana 30. In ɗan kwangila bai yarda ba, ya janye ba tara, a biya shi abin da ya yi.

Na huɗu, sharaɗin hawa da sauka. A ƙarshen Mayu 2023, da aka janye tallafin fetur, kuɗinsa ya ninka fiye da sau biyu cikin 'yan kwanaki, masu motocin da suka ƙulla magana kafin nan suka shiga uku. Saboda haka a rubuta cewa in mai ko siminti ya tashi da kaza, za a ƙara. In ya sauka da kaza, za a rage. Sharaɗin da ke sauka kaɗai, ba ya hawa, zalunci ne.

Na biyar, a rubuta ranar biya, da wurin da za a kai magana in an saɓa.

4. Abin da doka ta ce

A fikihun Malikiyya, wanda alƙalanmu ke bi, ijara ba ta inganta sai lada ya zama sananne, kuma in ta ƙullu ba mai warware ta shi kaɗai. Dokar ba da kwangila ta Gwamnatin Tarayya ta 2007 kuma ta ce biyan da ya wuce kwana 60 bayan an miƙa takardar neman kuɗi an kuma tabbatar da aikin, jinkiri ne, sai a biya ƙarin da aka ambata cikin takardar kwangilar. Ku lura, dokar ma takarda take tambaya.

5. Aikin hakimi da malaminsa

Hakimi shaida ne kuma mai sulhu, kada ya zama yana da rabo cikin kwangilar da zai shaida. Malami ya karanta takardar da Hausa, da ƙarfi, a gaban shaidu biyu, kafin kowa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa. A yi kofe uku: na mai aiki, na ɗan kwangila, na ofishin hakimi. A shawarci masu sana'a ɗaya su je ciniki tare ta hannun ƙungiyarsu, domin mutum guda ana iya sallamarsa a ɗauki wani, mutum talatin kuwa sai an saurare su.

Amma fa a yi adalci ga mai aiki. In awo ya gaza, ko aikin ya ɓaci, yana da ikon riƙe kuɗin wannan sashe har a gyara. Wannan dabam, rage farashi dabam. Kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski.

Allah ya ba mu zaman lafiya da arziki, amin.