Ciwon Hantsa a Shanun Tatsa da Matsayin Magungunan Itatuwa

Ciwon hantsa kumburi ne da ke kama saniyar tatsa sa'ad da ƙwayoyin cuta suka kutsa ta kafar kan nono. Hantsa kuwa ɗaki huɗu ce, kowane da nasa kan nono, kuma babu ƙofa a tsakaninsu. Shi ya sa akan ga ɗaki ɗaya ya ɗau zafi ya yi tauri, madararsa ta fito da gudaji ko jini, alhali sauran ukun suna lafiya lau. Idan aka yi sakaci, ɗakin yakan kafe har abada, ɗan maraƙi ya rame, ƙwaryar matar makiyayi ta tafi kasuwa da sauƙi.

Daga cikin itatuwan da ake wanke miki da kumburi da su a ƙasar Hausa, bagaruwa ce ta fi cancantar nazari. 'Ya'yanta na ɗauke da sinadarin tanin, watau abin nan mai bauri da majema ke jeme fata da shi. Shi ke tsuke fata ya busar da tsagar kan nono, wadda ita ce mashigar cuta. Gwaje-gwajen ɗakin bincike sun nuna ruwanta na hana ƙwayar sitafilokokas yaɗuwa, ƙwayar da ke kan gaba wajen haddasa wannan ciwo. Sai dai abin da ya auku a faranti ba lalle ne ya auku a cikin hantsa ba, domin ƙwayar takan ɓuya can cikin tsoka, inda abin shafawa ba ya kaiwa.

A Indiya, hukumar bunƙasa harkar madara ta ƙasar, wadda aka kafa a 1965, tana koya wa makiyaya haɗin ganyen alobera giram 250, da kurkum giram 50, da farar ƙasa giram 15. Akan niƙa su, a dama da ruwa, a tatse hantsa sarai, sa'an nan a shafa sau da yawa a yini har kwana 5. Mai lura zai ga cewa tatsar nan da ake maimaitawa rabin maganin ce, domin ita ke fitar da ruɓaɓɓiyar madara tare da ƙwayoyinta.

Tumfafiya kuwa, ko da yake ana daskarar da madara da ita wajen yin cuku, ƙaronta na ƙona fata, bai kamata ya kusanci hantsa ba.

Abin da ke jan makiyayi ga itatuwa shi ne araha, da kuma cewa ragowar allurar kashe ƙwayoyi a cikin madara takan hana kindirmo kamawa. Amma saniyar da zazzaɓi ya rufe, ta ƙi kiwo, ko hantsarta ta soma yin sanyi da baƙi, ta wuce shafe-shafe, sai likitan dabbobi a ranar.