DARASIN WANNAN WATA: TATTALIN ƘARFIN JIKI A WAJEN AIKI

 Darasinmu na wannan wata a kan ƙarfin jiki ne, da yadda za mu yi tattalinsa don aikinmu ya yi auki.

Mu a ƙasar Malam Madori da kewayen Haɗeja aiki ba ya yanke mana. Da damina ana noman gero da dawa da riɗi a tudu. Ruwa na janyewa sai a gangara fadama, a shiga aikin shinkafa da alkama da albasa da tattasai. Mata kuma ga daka, ga surfe, ga gumin shinkafa. Duk wannan da jiki ɗaya ake yin sa.

Dubi mai shanun huɗa. Da sassafe yake ɗaura su. Rana na yin zafi sai ya kwance su, ya kai su inuwa, ya ba su ruwa da harawa. Ya san in ya matsa musu yau, gobe ba za su ja garma ba. To, me ya sa mutum zai tausaya wa sansa, amma ya ƙi tausaya wa kansa?

1. Raba aiki bisa lokaci

Hausawa sun ce da sanyin safiya ake kama fara. Aiki mai nauyi, kamar huɗa da kaftu da haƙar rijiya, a fara shi bayan sallar asuba zuwa hantsi. A watannin Maris da Afrilu da Mayu zafi a nan yakan wuce awo 40. A irin wannan lokaci, daga tsakar rana zuwa la'asar a koma inuwa. A yi ƙailula, ko a yi aikin zaune, kamar gyaran ƙota da tufkar igiya. In rana ta yi sanyi sai a koma. Mai azumi shi ya fi kowa bukatar wannan tsari.

2. Sha ruwa tun ƙishi bai kama ka ba

Mai aiki a rana zai iya zubar da gumi kamar lita 1 cikin awa ɗaya. In bai mayar da ruwan nan ba, sai kasala da ciwon kai su zo. Tafi gona da gora ko jarka ta ruwa mai tsabta. Sha kofi ɗaya duk bayan kamar minti 20. In fitsarinka ya yi ja kuma ya yi kaɗan, jikinka na neman ruwa.

3. Kada a fita da yunwa

Koko ko ɗumamen tuwo da safe suna riƙe ciki. A haɗa da ƙosai ko wake ko gyaɗa. Fura da nono da rana tana mayar da ƙarfi. Kifi da zogale da rama suna gina jiki, kuma Allah ya hore mana su.

4. Barci

Babban mutum yana bukatar barcin awa 7 zuwa 8. Wanda ya kwana yana ban ruwa da inji, kada ya wuce da aiki har yamma. A yi karɓa-karɓa da ɗan'uwa ko maƙwabci.

5. Ciwon da ke satar ƙarfi

Zazzaɓin cizon sauro da tsargiya suna rage jini. Tsargiya a ruwan kwance ake ɗaukar ta, kuma alamarta fitsarin jini. In gajiya ta ƙi tafiya ko an huta, a je asibiti. Akwai magani.

Gargaɗi

Wasu 'yan ƙwadago suna shan ƙwaya, irin su tramadol, wai don su yi aikin mutum biyu. Ƙwaya ba ta ƙara ƙarfi. Gajiyar kawai take ɓoyewa, jiki kuwa yana ci gaba da lalacewa. Tana jawo farfaɗiya, kuma wanda ya saba da ita ba ya iya aiki sai da ita. Kuɗin ƙwadagon ma a can yake ƙarewa, iyali su rasa na cefane. Hukumar NDLEA, wadda aka kafa a 1989, tana kama masu fataucinta.

In abokin aiki ya fara jiri, ko maganarsa ta rikice, ko ya faɗi, a kai shi inuwa nan da nan. A sassauta masa tufafi, a jiƙa jikinsa da ruwa, a yi masa fifita. In ba ya cikin hayyacinsa kada a ɗura masa ruwa a baki. A gaggauta kai shi asibiti.

Tambayoyi

1. Wane lokaci ya fi dacewa da aiki mai nauyi?
2. Ta yaya za ka gane jikinka na neman ruwa?
3. Faɗi illa 2 na shan ƙwaya.
4. Rubuta yadda za ka raba aikinka na gobe, daga asuba zuwa magariba. Karanta wa 'yan ajinku.

Allah ya ba mu lafiya da albarkar noma. Sai wata mai zuwa.