Bitar jarrabawa ba haddar tsofaffin tambayoyi ba ce

Sakamakon jarrabawar tantance likitocin da suka yi karatu a ƙasashen waje na shekarar 2023 yana cina a rai har yau, kuma duk lokacin da zangon bita ya kama, ɗalibai suka cika ɗakin karatu da tarin tsofaffin tambayoyi, sai ɓacin ran ya dawo sabo. Hukumar MDCN mai ba likitoci lasisi ta yi jarrabawar a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano a watan Nuwamba. Mutum 836 suka zauna, 433 suka faɗi. Kafin nan, a watan Yuli, an yi irinta a asibitin koyarwa na Ibadan, 529 suka faɗi cikin 734. Kowane ɗaya daga cikinsu yana riƙe da takardar digiri, an yi masa walima, a unguwa ana kiransa dakta. Daga Yukiren suka dawo, da Sudan, da Masar, da Rasha, da Indiya da sauransu, wasu a kan kuɗin gwamnatin jiha, wasu kuwa iyaye ne suka sayar da gona ko fili suka biya. Jarrabawar kuma ba ta ƙwararru ba ce. Tambayoyi ne a kwamfuta, da hotuna, da tashoshin duba marar lafiya, daidai abin da ake sa ran duk wanda zai fara shekarar horonsa a asibiti ya sani kafin a bar shi shi kaɗai da dare a ɗakin gaggawa.

Akwai uzurin da ba za a yi watsi da shi ba. Yaƙin Yukiren ya ɓarke a Fabrairun 2022, na Sudan a Afrilun 2023, aka kwaso yara karatu bai ƙare ba, wasu suka ƙarasa ta intanet, har hukumar ta fito a 2022 ta ce ba za ta karɓi digirin likitancin da aka yi ta intanet ba. Wanda ya yi shekara shida a ƙasar da ba ya jin yaren marasa lafiyarta, bai taɓa ganin yaro mai sikila cikin ciwon ƙashi ba, bai taɓa ganin hanjin da taifot ya huda ba, lalle ya shigo zauren jarrabawa da rauni. Dillalan da ke kai yara makarantun da ko ɗakin gawa na koyon anatomi ba su da shi, su karɓi lada su ɓace, Allah Ya isa tsakaninsu da iyayen nan. Amma abin da ya fi ɓata mini rai shi ne abin da ya biyo baya. Maimakon a tambayi me yaran ba su sani ba, sai aka koma zargin hukuma da mugunta da neman a sassauta, masu darasin kuɗi kuma suka sami kasuwa, suna sayar da tarin tambayoyin bara da alkawarin cewa su za su sake fitowa. Ɗalibanmu na gida kuwa, na nan Gombe da na sauran jami'o'i, suka riƙa kallon abin kamar cutar wasu ce. Alhali irin bitar da ke kayar da mutum a wannan jarrabawa ita ce da yawansu ke yi a yau, bambancin kawai su malamansu ne ke fitar musu da tambaya, sun san hannunsu.

Mu da ke koyarwa mun san yadda abin yake tafiya. Ɗalibi zai sha wuyar anatomi da fiziyoloji da bayokemistiri, ya tsallake jarrabawar MB ta aji uku, ya sayar da littattafan ko ya ba ƙanensa, ya ɗauka ya rabu da su ke nan. Fatoloji da famakoloji su ma haka. In jarrabawar ƙarshe ta matso sai ya sauke tambayoyin shekaru goma daga zauren WhatsApp, amsoshin ma wani ɗalibi ne ya zaɓa ba wanda ya duba, ya yi kwanan zaune da goro da Nescafé yana cusa su. Abin da za ka ji daga bakinsa shi ne, “Malam, a taimaka mana da AOC.” Wato a faɗa masa inda tambaya za ta fito ya bar sauran. Marar lafiya ba ya zuwa da AOC.

A duba abin da ke faruwa a kudancin jihar Gombe kowace damina da kowace kaka. Manomi daga Kaltungo ko Billiri ko Balanga yana cikin gona da silifas, kububuwa ta sare shi a ƙafa. Ba banza ake ce mata gobe da nisa ba, domin in babu maganin dafi mai kyau, ɗaya zuwa biyu cikin goma na waɗanda ta sara ba sa tashi. Sau da yawa ba asibitin masu saran maciji na Kaltungo ake fara kai shi ba, sai ƙaramin asibitin da ya fi kusa, ƙafa a kumbure, an ɗaure ta tamau da igiya, mai magani ya riga ya tsattsaga wurin da reza, dasashi na tsattsafo da jini. Duk ɗalibin da ya yi tsofaffin tambayoyi ya san amsar: gwajin daskarewar jini na minti 20. Zai zaɓe ta a kwamfuta ya sami maki. To amma ga shi a gaban gado, babu kwalbar gilashi, sai sirinji na roba. Wanda ya haddace zai bar jinin cikin sirinjin, ya dawo bayan minti ashirin ya ga bai daskare ba, ya yanke hukunci. Wanda ya tuna darasin aji biyu ya san cewa gilashi ne ke tayar da faktan 12 ya kunna hanyar daskarewa, roba ba ta yin haka, saboda haka jinin lafiyayye ma yana iya ƙin daskarewa a roba, kuma kwalbar da aka wanke da sabulu ita ma ba abin dogaro ba ce. Da wannan kuskure kaɗai ana iya ɗura wa wanda ba ya bukata maganin da ke da tsada da ƙaranci da haɗarin tayar da jiki.

Ba a nan abin ya tsaya ba. Mutumin yana ihun ciwo, hannun wanda ya saba yana kaiwa ga allurar diklofenak a ɗuwawu. Dafin kububuwa yana kunna furotrombin ba ƙaƙƙautawa har fibirinojin ɗin jiki ya ƙare, yana kuma cinye bangon ƙananan jijiyoyin jini. Mutumin da jininsa ba ya daskarewa, ka soka masa allura cikin tsoka, ka ba shi maganin da ke raunana filatilet yana kuma matsa wa ƙodar da ke cikin haɗari, laifi uku ke nan a allura ɗaya. Dangi za su matsa a ƙara masa jini, kuma ƙarin jini ba tare da an karya dafin ba ƙara wa wuta itace ne. Bayan an ba da maganin dafi, sai an jira awa shida kafin a maimaita gwajin a yanke shawarar ƙarawa, domin hanta na bukatar lokaci kafin ta mayar da abin da aka cinye, wanda bai san haka ba zai gwada bayan awa ɗaya ya ce magani bai yi ba ya ƙarar da kwalaben da wani ke jira. In kuma yaro ne ɗan shekara bakwai aka kawo, ƙa'idar da aka haddace ta cewa maganin yara da nauyin jiki ake auna shi za ta yaudari mai hadda, ya rage. Maciji bai auna yaron ba kafin ya zuba dafinsa, don haka abin da za a ba babba shi za a ba yaro. Babu ɗaya cikin waɗannan da ba ya cikin littattafan da aka sayar.

Masana koyar da likitanci sun gwada wannan. A Jami'ar McMaster ta Kanada, Nicole Woods da abokan aikinta sun wallafa bincike a 2005 inda suka koya wa ɗalibai wasu cututtukan jijiya, rukuni ɗaya da jerin alamomi, ɗayan da bayanin yadda kowace alama ke tasowa. Nan take ba a ga wani bambanci ba. Bayan mako guda sai masu jerin alamomi suka zube, masu bayanin dalili suka riƙe nasu. Wani binciken na Roediger da Karpicke a Amurka a 2006 ya nuna cewa mai maimaita karatu ya fi tunawa bayan minti biyar, amma bayan mako guda wanda ya rufe littafi ya gwada kansa shi ne a gaba. Wannan ya nuna tsofaffin tambayoyi ba su da laifi a kan kansu. Amfaninsu shi ne ka amsa kafin ka duba, ka faɗi dalilin da ya sa amsar ta zama daidai da dalilin da ya sa sauran huɗun suka zama kuskure, in ka kasa ka koma babin da abin ya fito. Tambaya goma a haka ta fi ɗari uku da aka haɗiye a dare ɗaya.

Za a ce yanzu komai na cikin waya, me ya sa za a wahalar da yaro da hanyar daskarewar jini? Waya tana amsa abin da aka tambaye ta ne kawai. Wanda bai san akwai matsala tsakanin roba da gilashi ba, ba zai yi tambayar ba. Wanda bai san abin da fotasiyam ke yi wa bugun zuciya ba, ba zai tsaya duba waya ba kafin ya tura shi kai tsaye cikin jijiya, kuma zuciyar ba za ta jira shi ba. Mace mai jijjigar haihuwa da ake ba magniziyam, ana duba bugun gwiwarta da numfashi da fitsari kafin a ƙara, saboda ƙoda ce ke fitar da maganin, kuma gwiwa kan yi shiru kafin numfashi ya tsaya. Wanda ya san wannan ba ya manta dubawa ko da ƙarfe uku na dare ne. Wanda ya haddace jeri kuwa, ranar da ya gaji zai tsallake.

Za a kuma ce likitoci sun yi ƙaranci, wannan gaskiya ne. Farfesa Muhammad Ali Pate, yana Ministan Lafiya, da bakinsa ya ce kimanin likitoci 16,000 sun bar ƙasar cikin 'yan shekarun nan, kuma duk wanda ya san asibitocin Dukku da Nafada a jihar nan ya san yadda likita ɗaya ke ɗaukar aikin mutum biyar. Gwamnatin tarayya ta ninka yawan ɗaliban da makarantun likitanci za su iya ɗauka daga 5,000 zuwa 10,000. Sai dai wannan hujja a kan masu ita take komawa. A Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Gombe sabon likita yana da manya a kansa, in ya kauce a dawo da shi. Wanda aka tura ƙauye shi ne babba shi ne ƙarami, abin da ke kansa kaɗai ne ke tsakanin marar lafiya da kabari. In aji ya ninka, malamai da gawarwakin koyo da gadajen asibiti ba su ninka ba, to jarrabawa ce kaɗai shingen da ya rage, kuma ita ake so a sassauta. Masu cewa a sassauta, a asibitin da za a tura waɗannan yara ba za su kwantar da 'ya'yansu ba.

Ga masu kemis kuma da ke cika lungunan Bolari da Pantami a garin Gombe suna rataya abin awon ƙirji a wuya. Su ma sun haddace: zazzaɓi allura kaza, ciwon jiki allura kaza. Yaran da ake kawowa suna jan ƙafa bayan allurar ɗuwawu, jijiyar sayatik aka soka, domin mai allurar bai taɓa sanin ta inda ta bi ba. Iyaye kuma sai an yi ɓarnar su zo, su ɓoye abin da aka ba yaron, sai an yi da gaske su fito da kwalin. Likitan da ya jefar da anatominsa, da me ya fi wannan mai kemis in ban da takarda?

Ku ɗalibai, kada ku sayar da littattafan aji biyu da uku. Kowane marar lafiya da kuka duba da rana, ku koma da dare ku karanta tushen cutarsa. Amsar da ba za ku iya faɗin dalilinta ba, ba ku san ta ba. Ku daina roƙon AOC, kuma malamin da ke bayarwa ba ƙaunarku yake yi ba.

Batun ƙarancin lokaci shi ne uzurin da na fi tausaya wa, domin manhajar tana da nauyi, yajin aiki kuma kan matse zango biyu cikin ɗaya. Amma lokacin da ake cewa babu, shi ake kashewa wajen haddace abu ɗaya sau uku, a aji huɗu, a aji shida, da kuma ranar da za a zauna jarrabawar firamare ta neman ƙwarewa, wadda ita ma anatomi da fiziyoloji da fatolojin nan ne za ta tambaya. Iyaye masu shirin tura yaro waje, ku nemi jerin makarantun da MDCN ta amince da su kafin ku ba dillali ko sisi, ku tambaya ko ɗalibai na taɓa marasa lafiya a can, kuma in ya dawo ku bar shi ya yi watanni yana bin likitoci zagaye a asibitin koyarwa kafin ya zauna jarrabawar, ko da 'yan uwa na tambayar me ya sa har yanzu bai fara aiki ba.